Bamfayar Kabari da Bamfayar Takarda

'Yar'uwa, na karanta tambayarki. Kin ce kina rubuta labarin bamfaya, wato mataccen nan da ke tashi yana shan jinin masu rai, amma naki yana fita da rana tsaka, tafarnuwa ba ta dame shi ba, jinin dabba yake sha, har ya kamu da son wata yarinya. Wani ya ce kin ɓata asali, shi ne kike son sanin iyakar da marubuci zai tsaya. Bari in jera miki su biyun, na mutanen ƙauye da na littafi, ki duba da kanki.

Na ƙauye zan fara kawowa, don shi ne ba a cika sani ba. A 1725, a ƙauyen Kisilyebo na ƙasar Sabiya, lokacin yankin yana hannun daular Austiriya, wani manomi mai suna Petar Bilagoyebic ya mutu. Can sai mutum tara suka bi bayansa cikin mako guda, kowanne kafin ya cika yana cewa Petar ne ya zo masa cikin barci, ya danne shi, ya shaƙe masa wuya. Matarsa ta ce ya dawo gida ya tambaye ta takalminsa. Mutanen gari suka tasa jami'in gwamnati gaba sai an tone kabarin, in ba haka ba su watse su bar garin. Aka tone. Gawa ba ta ruɓe ba, gemu kamar ya ƙara tsawo, ga jini a baki. Suka kafa mata turke a ƙirji, suka ƙone ta. A farkon 1732 wani likitan soja, Johann Flückinger, ya rubuta rahoton irin wannan daga ƙauyen Medbeja, inda aka tone gawawwaki da dama. A ciki har da wata tsohuwa da maƙwabta suka ce duk rayuwarta ramammiya ce, sai ga ta a kabari ta yi ɓul-ɓul. Waɗannan rahotanni ne suka watsa kalmar bamfaya a yammacin Turai. Abin ya yi ƙamari har Sarauniya Mariya Taresa ta Austiriya ta hana tone-tonen a 1755.

To dubi kamanninsa. Na ƙauye kumburarre ne, fuska jajawur, sanye da abin da aka binne shi da shi, yana wari. Talaka ne, maƙwabcinka ne, ka san gonarsa. Kuma duk alamun da suka firgita mutanen nan aikin ruɓewa ne: iska ke taruwa a cikin gawa ta kumbura ta, ita ke turo ruwa mai launin jini ta baki da hanci, fata ta janye baya sai farce da gemu su zama kamar sun tsiro. Har nishin da suka ce gawa tana yi idan an soke ta, iskar ce ke fita. Na takarda kuwa siriri ne, fari fat, mai dukiya da iya magana, yana shiga taron manya ba a gane shi. Wannan siffar daga ɗan gajeren labarin John Polidori na 1819 ta fito, kuma kishiyar ta ƙauyen ce daga kai har ƙafa. Kin ga tun ranar da abin ya shiga littafi aka juya shi.

Batun rana shi ne inda mai sukarki ya fi yin tuntuɓe. Na ƙauye da dare ya fi yawo, amma rahotannin nan ba su ce rana tana ƙona shi ba. A littafin Dracula na Bram Stoker, na 1897, ana ganin shi yana tafiya a titin Landan da rana, ƙarfinsa ne kawai ke raguwa. Mutuwa da fitowar rana fim ɗin Jamus na 1922, Nosferatu, ne ya kafa ta a zukatan mutane. Ke nan dokar da ake cewa kin karya shekarunta ɗari da kaɗan ne, kuma masu fim ne suka yi ta. Naki mai fita da rana ya fi nasu kusa da asali.

Fiƙoƙi, rashin gani a madubi, rikiɗa zuwa jemage, duk littattafai da fina-finai ne suka yaɗa su. Jemagen nan mai shan jini ma a Latin Amurka yake, kuma sunan bamfaya aka ara aka liƙa masa.

Tafarnuwa dai gaskiya ta ƙauye ce, musamman a Romaniya, inda ake shafa ta a ƙofa da taga. Haka turken itace, wanda Sabiyawa ke sassaƙawa daga wata ƙaya da suke kira gilog. Sai dai akwai dokokin ƙauye masu yawa da marubuta suka watsar, ba wanda ya tuhume su. Ana zuba gero a kabari ko a bakin ƙofa, wai dole ya tsaya ya ƙirga ƙwaya-ƙwaya har gari ya waye. An yarda cewa idan kyanwa ta tsallake gawa kafin a binne, mamacin zai tashi. A Girka suna cewa nasu yana ƙwanƙwasa ƙofa ya kira sunanka sau ɗaya, wanda ya amsa zai mutu, shi ya sa ba a amsa kiran dare sai an maimaita. Ni wannan ta ƙarshen ta fi ba ni tsoro a kan duk wani fiƙa, kuma ina mamakin yadda aka bar ta a ƙasa. In an yafe wa waɗanda suka zubar da gero, ban ga dalilin da za a hana ki zubar da tafarnuwa ba.

Inda nake so ki dakata shi ne a kan wanda yake ci. Na littafi yawanci baƙo ne, daga wata ƙasa ya zo, ya lallaɓa ya yaudari wadda bai sani ba. Na ƙauye gidansa yake komawa. A garin Exeter na jihar Rhode Island a Amurka, tarin fuka ya shiga wani gida, ya ɗauke uwa, ya ɗauke babbar 'ya, bayan shekaru, a 1892, ya ɗauke ƙanwarta Mercy Brown tana da shekara 19, ga ɗan'uwanta Edwin a kwance yana ramewa. Maƙwabta suka shawo kan uban ya yarda aka fito da gawawwakin. Ta Mercy, wadda ta mutu cikin tsananin sanyi, ba ta ruɓe ba. Aka cire zuciyarta aka ƙone, aka jiƙa tokar aka ba Edwin ya sha. Bai daɗe ba shi ma ya rasu. Ki yi tunanin uban nan, wanda ya amince a taɓa gawar 'yarsa don ya ceci ɗansa. Asalin abin ke nan: mutane ne da mutuwa ke bi ɗaya bayan ɗaya a gida guda, ba su san ƙwayar cuta ba, sai suka ce wanda suke so ne yake jan su.

Saboda haka abu biyu ne nake ganin in kin cire su sunan bamfaya ya faɗi. Na farko, ya riga ya mutu, zamansa a duniya ba bisa ƙa'ida yake ba. Na biyu, zaman nan daga jikin wani yake fitowa, dole wani ya biya. Bayan waɗannan, ki sauya fuska, ki sauya magani, ki sauya lokacin fita yadda kika ga dama. Sharaɗin kawai, dokar da kika kafa a babi na 2 kada ki karya ta a babi na 20 don kin rasa mafita. Mai karatu yana yarda da kowace irin doka, amma ba ya yafe wa marubucin da ya manta tasa.

Idan kuma a ƙasar Hausa za ki ajiye labarin, ki kula kada ki haɗa shi da maye. Maye a fahimtar mutanenmu rayayye ne, kurwa ake cewa yana kamawa, ana kuma cewa gadon maitar ake yi. Bamfaya gawa ce. Zargin maita kuwa har yau yana jawo wa tsofaffin mata duka da kora daga unguwa, don haka ba abin da za a ɗauko da wasa ba ne. Giciye da ruwan coci ma daga ƙauyukan Kirista suka fito, a gidan Musulmi ba su da wurin zama, sai kin nemo abin da mutanen labarinki za su ruga gare shi da gaske.

Soyayya ba matsala ba ce, jinin dabba ma haka, don a Medbeja an ce nasu ya taɓa dabbobi. Matsalar ita ce idan jinin akuya yana ƙosar da naki sarai, to kyakkyawan saurayi ne mai tsawon rai kawai kika rubuta. Ki bar yunwar nan a cikinsa. Ki zaunar da yarinyar a tsakar gida tana yanka albasa, shi yana kan tabarma suna hira, wuƙa ta kufce ta yanke ta a yatsa, ta miƙa masa hannun tana cewa ya duba mata. Daga nan ki rubuta mana abin da ya yi.