Manhajar Feeder a idon sabon mai karanta labarai a Maraɗi

Mutanen Maraɗi sun daɗe da sabawa da bin labaran duniya cikin harshensu. Sashen Hausa na BBC ya fara aiki a 1957, na DW a 1963, na Muryar Amurka a 1979, kuma gidaje da yawa sun tsara safiyarsu da marecensu a kan lokutan waɗannan shirye-shirye. Yanzu labari ya koma cikin salula, sai dai yawancinsa ta WhatsApp da Facebook yake isowa, inda rahoton ɗan jarida da jita-jita da tallan magani suke zuwa a cakuɗe. Wannan ne ya sa nake ganin manhajar tara labarai tana da muhimmanci, kuma wadda na jima ina amfani da ita ita ce Feeder. Zan auna ta ne da idon wanda bai taɓa buɗe irinta ba, domin shi ne yake saurin goge manhaja idan ba ta gamsar da shi a zaman farko ba.

Feeder manhaja ce ta wayoyin Android, kyauta ce, babu talla a cikinta, kuma ana samun ta a Play Store da F-Droid, wani rumbun sauke manhajoji na kyauta. Tana aiki da tsarin RSS, wanda ta hanyarsa shafin jarida yake fitar da jerin sababbin labaransa, ita kuma manhajar ta zagaya shafukan da mutum ya zaɓa, ta kwaso abin da suka wallafa, ta jera masa wuri guda.

Abu na farko da zai ja hankalin sabon shiga shi ne ba ta neman ya yi rajista. Wanda bai san yanayinmu ba zai ɗauki wannan ƙaramin abu, amma a nan babba ne, domin mutane da dama mai sayar da waya ne a kasuwa ya buɗe musu adireshin imel ranar da suka saye ta, kuma ba su riƙe kalmar sirrin ba. Duk manhajar da ta tare irin wannan mutum da neman imel da lambar tabbatarwa ta riga ta rasa shi. Feeder tana buɗewa kai tsaye, ba ta tambayar suna ko lambar waya, kuma jerin shafukan da mutum yake bi yana nan cikin wayarsa.

Inda ta fi burge ni shi ne yadda take tattalin mega. A Maraɗi, ko Airtel mutum yake amfani da shi ko Moov ko Zamani, yana saye ne da lissafi, kuma manhajar da take kunna bidiyo da kanta ko take loda hotuna masu nauyi tana iya cinye abin da aka saya don yini tun kafin azahar. A Feeder mai waya ne yake yanke lokacin da za ta je neman labarai: ko bayan wasu awoyi, ko sau ɗaya a rana, ko sai ya umarce ta da hannunsa. Yana iya hana ta sauke hotuna sai an samu Wi-Fi. Abin da ta riga ta sauke kuma yana karantuwa ko babu rezo, musamman idan an kunna zaɓin da yake sa ta kwaso cikakken rubutu maimakon gutsuren farko da wasu shafuka suke bayarwa. Ɗan kasuwar da zai kama hanyar Ɗan Isa zuwa Jibiya, ko malamin makarantar da yake koyarwa a wani ƙauyen Dakoro, yana iya sauke labaransa a cikin gari, ya karanta su a inda rezo ba ya kaiwa. A ganina wannan kaɗai ya isa dalilin gwada ta.

Labaran suna jeruwa ne bisa lokacin da aka wallafa su, ba bisa abin da wani kamfani yake hasashen zai riƙe idon mai karatu ba. Sanarwa ma ba ta damun mutum sai ga shafin da ya kunna mata da kansa. Amfanin hakan yana fitowa ranar da wani babban al'amari ya faru, lokacin da mutum zai ga yadda kafofi biyu ko uku suka ba da labari ɗaya, ya gane inda suka yi daidai da inda suka saɓa.

Rauninta kuwa yana daidai wurin da sabon shiga ya fi buƙatar taimako. Idan aka buɗe ta karon farko, kusan fayau take, kamar sabon shago da aka kafa wa kanta ba a zuba kaya ba. Ba ta gabatar da jerin jaridu ta ce a zaɓa; mutum ne zai rubuta adireshin shafi, ita kuma ta binciko hanyar RSS ɗinsa. Wanda ya saba da Facebook, inda labari yake tarar da shi ba tare da ya nema ba, zai iya zaton manhajar ba ta aiki. A nan Feedly, wata manhajar tara labarai irinta, ta fi ta, domin tana ba da shawarar shafuka bisa fanni, ko da yake tana buƙatar rajista, kuma tsarinta na kyauta yana tsayawa a kan shafuka 100. Umarnin Feeder yana fitowa da Faransanci ko Ingilishi gwargwadon harshen wayar, saboda haka wanda ya iya karatun Hausa kaɗai zai nemi mai saita masa.

Matsala ta biyu ta fi damuna, kuma ba daga manhajar take ba. Shafin BBC Hausa da na DW suna da RSS, haka jaridun da aka gina a kan WordPress, wani tsarin gina shafukan intanet, amma labarin Maraɗi kanta, wato farashin hatsi a kasuwa, halin da damina take ciki a Madarumfa ko Tasawa, sanarwar hukumomin jiha, yawanci a rediyon gida ake jin sa ko a shafukan Facebook, kuma Facebook ba ya ba da RSS. Sakamakon haka mai karatu zai san abin da ya faru a Abuja da Yamai, ya rasa na unguwarsa. Ina roƙon gidajen rediyonmu da su buɗe shafukan intanet na kansu, ko da masu sauƙi ne, domin rubutunsu ya shiga irin wannan tsari.

Matsalar farko tana da magani a hannu. Feeder tana iya fitar da dukan jerin shafukan mutum a cikin ɗan ƙaramin fayil na OPML, irin wanda mutane suka kwashe jerinsu da shi zuwa wasu manhajoji lokacin da aka rufe Google Reader, manhajar tara labarai ta kamfanin Google, a 2013. Wanda ya riga ya tsara nasa sai ya tura fayil ɗin ta WhatsApp ga ɗan'uwansa, shi kuma ya shigar da shi, nan take labarai su bayyana. Shawarata ga mai yin wannan taimako ita ce kada ya cika jerin: shafuka huɗu ko biyar na Hausa da ɗaya ko biyu na Faransanci sun wadatar, sannan ya kunna sauke cikakken rubutu, ya kashe hotuna, kafin ya mayar wa mai ita wayarsa.