BLAST a hannun ɗalibi: kama da wane ba wane ba ne

Duk wanda ya shiga karatun kimiyyar ƙwayoyin gado a jami'a, ko ba daɗe ko ba jima sai an tura shi shafin BLAST, manhajar da ke kwatanta jeren DNA da jerukan da aka tara a rumbun bayanai don gano masu kama da shi. Ni aikin kammala digiri ne ya zaunar da ni a kansa sosai, bayan an dawo min da jeren DNA na wata bakteriya da na raino daga ƙasa. Haruffa huɗu ne kawai, A da C da G da T, sun cika shafi ba kai ba gindi, Malam kuma yana jiran in kawo masa sunan halittar.

Shafin na cibiyar NCBI ne, wadda Amurka ta kafa a 1988 ƙarƙashin babban ɗakin karatunta na likitanci da ke Bethesda. Manhajar kuwa Stephen Altschul da abokan aikinsa huɗu ne suka fito da ita a 1990. Kyauta ce, ko rajista ba sai ka yi ba. Ka liƙa jerenka a akwatin da ke sama, ka zaɓi rumbun da za a duba, ka danna. Kafin ka gama gyara zama sau da yawa amsa ta fito.

Saurin nan shi ya fara burge ni, kuma yana da dalili. Manhajar ba ta gwada jerenka harafi bayan harafi da duk abin da ke rumbun. Yanyanka shi take yi gutsi-gutsi, ta nemi inda wani gutsure ya dace daidai, daga nan ta miƙe dama da hagu har inda dacewar ta tsaya. A shafin akwai salon binciken da za ka zaɓa: a megablast tsawon gutsuren haruffa 28 ne, a blastn 11. Wannan ba ƙaramin bambanci ba ne. Na farkon ya fi sauri, amma dangi na kusa kaɗai yake kamawa. In halittarka baƙuwa ce, koma na biyun kafin ka yanke cewa babu mai kama da ita.

Hoton sakamakon ma an tsara shi da hankali. Kowace dacewa layi ce mai launi a ƙarƙashin jerenka, ja ga mai maki 200 zuwa sama, baƙi ga wadda ba ta kai 40 ba. Kallo ɗaya ya isa ka san ko aikin ɗakin gwajinka ya yi kyau.

To, a teburin da ke biye ne ake yin asarar ɗalibai. Nawa jeren na 16S ne, wani yanki na DNA wanda aka saba tantance bakteriya da shi, cikakkensa kusan haruffa 1,500. Layin farko ya ce Bacillus cereus, dacewa sama da kashi 99 cikin 100. Da na gangara ƙasa kaɗan sai ga Bacillus thuringiensis da kusan maki ɗaya, can kuma ga Bacillus anthracis, mai haddasa cutar antaraks. Ɗaya na gurɓata abinci, ɗaya ana kashe ƙwarin gona da ita, ɗaya kuwa ko sunanta aka ambata sai shugaban sashe ya miƙe tsaye. A wannan yanki na DNA kusan babu abin da ya raba ukun. Haka Escherichia coli da Shigella suke. Na kai wa Malam, ya duba ya ce in rubuta sunan rukunin gaba ɗaya, in kuma ina son sunan jinsi sai in nemi wani yankin daban in sake gwaji. BLAST bai yi ƙarya ba. Tambayarsa aka yi wa ya yi kama da wannan, ya jero su. Amma yadda teburin ke ɗora suna ɗaya a sama, ido na ɗauka shi ne amsa, kuma na ga rahotannin 'yan ajinmu da dama da aka kwafi layin farko aka wuce.

Akwai kuma batun rumbun kansa. GenBank, wanda aka fara tun 1982, masu bincike ne ke zuba masa jerensu da sunan da suka ba shi, kuma kullum yana musayar bayanai da takwarorinsa na Turai da Japan. Wanda ya raɗa wa jerensa suna bisa kuskure, kuskuren zai zauna a nan, na baya su dogara da shi su ƙara nasu. Maganin na cikin shafin, sai dai bai fito fili ba: akwai rumbu na musamman na 16S wanda aka tace, akwai kuma ɗan akwatin da in ka latsa zai tsaya ga samfuran asali da aka raɗa wa kowane jinsi suna da su. Da ni ke da iko, da na sa shi inda sabon shiga ba zai tsallake shi ba.

Ginshiƙin E value shi ma yana rikita mutane. Lissafi ne na dacewa nawa irin wannan za a iya samu da katari a rumbu mai wannan girma, don haka ƙanƙantarsa ita ce alheri. Amma 0.0 ba ta nufin jeren biyu abu ɗaya ne. Sai ka haɗa da ginshiƙin da ke nuna kashi nawa na jerenka aka rufe, domin dacewar kashi 100 a kan haruffa 40 kacal ba ta kai ta kashi 98 a kan jeren duka ba.

Kafin ka liƙa komai, buɗe hoton da na'urar karanta DNA ta bayar, ka datse farko da ƙarshe inda tsaunukan zanen da ke nuna kowane harafi suka hau juna, harafin N, alamar cewa na'urar ta kasa tantance harafin, ya yi yawa. A waya shafin na buɗewa, amma teburin ya yi mata faɗi, kwamfuta ta fi. Sakamakon kuma awa 36 yake yi a ajiye sannan a share, saboda haka sauke shi nan take, ka rubuta ranar da sunan rumbun da ka duba, don rumbun ƙaruwa yake yi, layin farkon yau na iya komawa na biyar kafin ranar kare aikinka.