Wata biyu da eriyar AM da na haɗa da hannuna, ga abin da na gani

Ni dai na daɗe ina son kama tashoshin nesa a matsakaicin zango, wato AM, amma ƙaramar rediyona sai dai ka ji murya can ƙasa-ƙasa kamar mai magana a cikin rijiya, shuuu ɗin ya fi maganar yawa. Kuma eriyar nan da ake zarowa ba ruwanta da AM fa, ta FM ce da gajeren zango. Wani baƙin sanda ne a cikin rediyon da aka naɗe da siririyar waya yake kamo AM, shi ya sa in ka juya rediyon tasha take ƙaruwa ko ta ɓace.

To sai na samo wayar tagulla mai rufin roba kamar mita 25, na ja ta daga saman gini zuwa bishiya, na sa guntun bututun roba a wajen ɗaurin don kar ta taɓa itace. Na shigo da baki ɗaya ta taga na naɗa shi sau 6 a jikin rediyon, ragowar na kai ga wani ƙarfe da na kafa a ƙasa mai danshi, ban kwance ko noti ɗaya ba. Da farko na naɗa ta tsawon rediyon ban ji wani canji ba har raina ya ɓaci, ashe sai naɗin ya zagaye sandan nan na ciki, wato ta gajeren gefe. Ina gyarawa kuwa, wata tasha da da ƙyar nake gane harshen da ake yi ta fito raɗau, har numfashin mai karanta labarai ina ji.

Da rana bambancin bai kai haka ba gaskiya. Akwai wani sashe na sararin samaniya da ke shanye siginar AM muddin rana na sama, in ta faɗi sai ya dushe, siginar ta riƙa dawowa ƙasa a wuri mai nisan ɗaruruwan kilomita, wajen ƙarfe 9 na dare ka murɗa kaɗan ka ji wata tashar. Mita 25 ma gajeruwa ce in ka duba tsawon zangon siginar tashar da ke kan kilohaz 1000 a rediyo mita 300 ne, amma ta wadatar da ni.

Inda ta ba ni wahala shi ne ba ta zaɓe, duk abin da ta samu kwasowa take. Cajar waya, ƙwan LED, inbata, kowanne da irin zizarsa, sai da na bi su ɗaya-ɗaya ina kashewa kafin na gano cajar ce babbar mai laifi, na kuma koma batir. Tasha mai ƙarfi ta kusa ita ma ta riƙa malalowa kan na gefenta sai da na rage naɗin zuwa 3. Dusashewar da murya ke yi ta tafi ta dawo kuwa tana nan, eriya ba ta maganinta.

Don Allah duk mai gwadawa kar ya ja ta kusa da wayar lantarki ko ta ƙarƙashinta, ni da na hango hadari nake warware ta daga rediyon in fitar da bakin waje in haɗa da ƙarfen ƙasa, sai an ɗauke nake mayarwa.