Jama'ar Garwa ku yi hattara da mai turo kayan inji daga Duwala

Dubu 145 na sefa. Dubu 145 wallahi, kuɗin da na tara na gyara Hilux ɗina da nake ɗaukar kaya zuwa kasuwar Pitowa ranar Lahadi, su na tura wa wani mai kayan inji a Duwala ya turo min kayan da ba su yi ba, yau sati 3 tana kwance a gareji.

Kuma kar wani ya ce ban bincika ba. Shekara 14 ina tuƙi, na san injin 2L, irin na motata, iri biyu ne, tsohon mai roka, wato ƙarfen da ke tsakanin kamshaf da bawul, da wanda Toyota ta canja a 1988, wanda kamshaf ke danna bawul kai tsaye babu roka. Nawa sabon ne. Na faɗa wa mai kayan, na sake faɗa masa, har lambar jikin bulok na ɗauka hoto na tura. Ya ce "Alhaji kwantar da hankalinka, 2L ai 2L ne, ni ɗan'uwanka ne bazan cuce ka ba". Wannan maganar ce ke hana ni barci, ɗan'uwanka, da Hausarsa tsaf har da rantsuwa, ya kira ni da bidiyo yana nuna min shago cike da kaya wai a Kan Yabasi, kasuwar kayan mota a Duwala.

Kaya suka iso tasha ranar Alhamis, a'a Laraba ce, don Alhamis ɗin ne makanike ya buɗe kwali, kafin nan ma na riga na ƙara masa dubu 15 wai kuɗin mota. Kamshaf na tsohon inji ne, ko zama bai yi a kan silinda ba. Kusine kuwa, wato metal ɗin da karanshaf ke juyawa a kai, kwali an rubuta STD, wato awon asali, amma na ciki 0.50 ne, na karanshaf da aka fere, nawa kuma ba a taɓa fere shi ba. Da makanike bai auna ba da an ɗaure inji ya ƙi juyawa.

Na kira sau 30 ya fi. Farko ya ce yaronsa ne ya yi kuskure zai canja, yanzu layin a kashe, ya toshe ni a WhatsApp. Dubu 145, da 15 ɗin 160 kenan.

Rasit da muryoyinsa duk suna wayata, da daddare zan ɗora hotunan in sha Allah.

Kar ku tura ko dala sai makanikenku ya riƙe kaya ya auna. Ni dai ban yafe ba, Allah ya isa tsakanina da shi.