Ƙyallen iskar da na sa aka ɗinko mini: bayan wata takwas a tafkin Jabi

Ni ɗan Yauri ne, kuma a wurinmu in ka ce a miƙo filafili, abin tuƙa kwalekwale za a miƙo maka. Saboda haka zanen nan da ake ɗaga wa jirgi iska ta tura shi, ƙyalle nake ce masa. Akwai babban ƙyalle a bayan dirka, wato sandar da ke tsaye a cikin jirgin, sai ƙaramin da ke gaba, wanda nake kira ƙyallen goshi. Babban ya fitar da ni kunya. Na goshin kuwa, shi da kayan ɗaurinsa, sun ci mini kuɗi, sun kuma kusa kifar da ni da ɗana.

Jirgin a garejin gida na haɗa shi a Kubwa, da filawud ɗin da na sayo a kasuwar Dei-Dei. Na bi fasalin Mirror, ƙaramin jirgin da Jack Holt da Barry Bucknell suka zana a Ingila a 1962 don mutum ya iya harhaɗa abinsa a gida: a ɗinke allunan da waya, sannan a bi gaɓoɓin da gam. Tsawonsa mita 3.3, goshinsa a datse kamar akwati. Dirkarsa gajera ce, akwai wata sanda da ake ja sama ta ƙara mata tsawo, shi ya sa duk sandunan ke kwanciya a cikin jirgin in za a ɗora shi a kan mota.

Ƙyallena na farko da tamfol aka yi shi. Na kai wa wani dattijon tela a kasuwar Wuse, ya buɗe takardar awon, ya juya ta sama ya juya ta ƙasa, ya ce, “Yallaɓai, wannan rumfa ce ko labule?” Ya dai ɗinka, ɗinki mai tsabta kuwa. In iska na bayanmu jirgin na tafiya salin-alin. Amma da zarar na nemi in doshi inda iskar ke fitowa, sai ya riƙa zamewa gefe kamar kaguwa. Ba laifin telan ba ne, ni na ba shi awon shimfiɗaɗɗen zane. Ƙyallen jirgi yana da ciki, irin na fiffiken tsuntsu, kuma cikin nan a wajen yanka ake sa shi: a ɗan lanƙwasa bakin kowane falle kafin a haɗa su, a kuma lanƙwasa gefen da ke bin dirka. Yatsa ɗaya ko biyu ne bambancin a kan tebur, amma a kan ruwa shi ne komai. Bayan wata biyu tamfol ɗin ya saki jiki ya zama buhu.

Daga nan na rubuta wa wani ƙaramin shagon masu ɗinkin ƙyallen jiragen ruwa a kudancin Ingila. A nan dole in yaba musu. Ba su ce tunda fasalin Mirror ne ga na kanti ba. Sun turo takardar awo, suka ce in kafa dirka in ɗaure komai kamar zan shiga ruwa kafin in ɗora tef, don sandunan da aka fere a gida ba sa taɓa zuwa daidai da na zane. Nawa ma haka ne, sandar ƙasa ta gaza da kusan yatsa uku. Sun tambayi nauyina da na wanda ke zama a gaba, da yadda sandar sama ke lanƙwasa in an rataya mata nauyi, da irin iskar da muke samu. Na ce musu iskar Jabi ba ta da ƙarfi kuma ba ta da alƙibla: gine-gine da itatuwan bakin tafkin suna karya ta, ga igiyar ruwan da jiragen inji ke tayarwa. Suka ce to za su ɗan ƙara wa ƙyallen ciki, don ya riƙa jan jirgin ko iska ta yi sanyi.

Yadin Dacron ne mai nauyin oza huɗu. Faɗin babban murabba'in mita 4.6, na goshi 1.9, kamar na asali. Na zaɓi ja. Su Turawa jaridar Daily Mirror mai jan tambari, wadda jirgin ya ci sunanta, ita ta sa nasu ya zama ja, ni kuwa ƙurar hunturu na tuna. Farin zane a Abuja cikin watan Janairu ai sai mai ɗan wanki. Sun yi alkawarin mako shida, sai da aka yi tara, sannan kayan suka ƙara kwana goma kafin in karɓe su a nan. Kuɗin, in an haɗa da na jigila da na fito, ya fi na katako da gam da fenti gaba ɗaya. Uwargida ta ga rasit, ta ce, “Yadin da ko riga biyu ba zai yi ba?” Ban tanka ba.

Babban ƙyallen ba ni da abin cewa a kansa sai alheri. Ɗinkin zigizag ne layi biyu, kowace kusurwa an ninka mata yadi falle huɗu, idanun ƙarfen da injin aka matse su, ba irin na tamfol da ke ficewa ba. Sun sa layin ƙananan igiyoyi a tsakiya don rage faɗinsa in iska ta yi yawa. Ranar da na fara ɗaga shi, na ja linzami, wato igiyar da ake sarrafa ƙyallen da ita, sai na ji jirgin ya jingina kaɗan ya kama hanya, ruwa na ƙara a ƙarƙashin goshi. Tsallaken da a da nake yi da juyi takwas ko tara, da huɗu na gama shi. Ɗana da ke gaba ya waiwayo ya ce, “Abba, ashe da can jirgin ba shi da laifi.”

Sai maganar ƙyallen goshi. Hanya biyu ce. Ta farko, a jera masa ƙananan ƙugiyoyi a bakinsa, a maƙala su a wayar da ta taso daga goshin jirgi ta riƙe dirka, a ja shi sama da igiya. Ta biyu, a sa waya a cikin bakin ƙyallen kansa, a ɗaura wani kwarkwaro a ƙasa da majuyi a sama, in ka ja siririyar igiya sai ya naɗe kansa kamar tabarma. Ni ta biyun ta burge ni. Hujjata ita ce hadarin farkon damina, wanda ke tasowa daga gabas ba sallama. Na ce gara in iya naɗe ƙyallen daga inda nake zaune.

Sun sayar mini, ba su ce uffan ba, kuma nan ne ƙorafina yake. Mutanen da suka tambayi nauyin ɗana sun san abin da zai faru in an sa kwarkwaro a jirgin mita uku. Na farko, wayar da ke riƙe dirka tana nan a wurinta, tazararta da ƙyallen bai wuce tafin hannu ba, sai ya riƙa haɗawa da ita wajen naɗewa. Na biyu, kafin irin wannan ya yi aiki sai bakin ƙyallen ya ɗaure tamau kamar tsirkiyar baka. Dirkar katako da jirgin filawud ba sa ɗaukar irin wannan ja. Da iska ta ɗan ƙaru sai bakin ya yi ciki ya faɗa gefe, ribar da na samu a babban ƙyalle ta zube. Na uku, da na yi zaton zan iya naɗe rabi in tafi da rabi. Ba haka ba ne, irin wannan ƙaramin kwarkwaron ko a buɗe duka ko a naɗe duka; in ka tsaya a tsakiya wayar murɗewa take yi, saman ya warware. Ga kuma ƙura, wadda kafin hunturu ya wuce ta sa majuyin sama ya fara cijewa.

Wata Asabar cikin Afrilu, da la'asar, gabas ta yi baƙi. Na ja igiyar, ya naɗe sau biyu ya cije. Iska ta iso, saman ƙyallen ya cika ya yi tulu, jirgin ya ƙi jin sandar tuƙi. Dole yaron ya rarrafa gaba, nauyinsa ya danne goshi, ruwa ya fara shigowa ta sama. Na saki linzamin babban ƙyalle gaba ɗaya, na ce masa, “Kwance igiyar ɗagawa, bar shi ya faɗa ruwa!” Haka muka ja shi a jiƙe har bakin gaɓa. Dukanmu da rigar hana nutsewa a jikinmu, kuma Allah ya kiyaye.

Na rubuta musu. Sun amsa cikin kwana biyu, da ladabi, suka yarda cewa ƙugiya ta fi dacewa da jirgi irin nawa, suka aiko da guda shida kyauta, ni na biya kuɗin aike. Kwarkwaron dai sun ce ba sa karɓar abin da ya shiga ruwa.

Na koma wurin dattijon nan na Wuse. Ya shafa yadin, ya duba ɗinkin ta gaba da ta baya, ya ce, “Wannan mai ɗinkin ya san hannunsa.” Da allura da zaren kakide ya ɗaura ƙugiyoyin, tazara ɗaya, cikin awa guda. Na ƙara siririyar igiya daga kan ƙyallen, ta bi ta cikin ƙugiyoyin ta sauko goshi, ta zagaya ƙaramin gargare ta dawo wurin zamana. Yanzu in na saki igiyar ɗagawa na ja wannan, ƙyallen a ƙasa yake kafin in ƙirga biyar, ba wanda ya tashi daga mazauninsa.

Cire kwarkwaron ya sauko da ƙyallen da kusan tafi guda, don haka sai da na sake wa zoben da linzaminsa ke bi wuri. Yadda na gane: in na ɗan doshi iska na ga saman ƙyallen ya riga ƙasan kaɗawa, zoben ya yi baya, sai in matso da shi gaba, in ƙasan ya riga, in mayar da shi baya. Rami uku na huda a kowane gefe kafin zaren ulun da ke manne a saman ƙyallen da na ƙasansa, masu nuna yadda iska ke bi, su riƙa rawa tare. Biyun da ba su yi ba na toshe su da gam.

Wanda ya haɗa jirginsa a nan, in aljihu bai kai ba, ya fara da tamfol, zai koyi awo a kansa. In ya tashi saye, ya sa kuɗinsa a yankan ƙyallen, ya ce a sa masa ƙugiya. Abin da nake sa wa ido yanzu shi ne zaren ɗinkin, don rana ita ke fara cinye shi kafin yadin. Ba na barin su a kan sanda ko na yini ɗaya. In mun dawo sai in ɗauraye, in shanya a inuwa, in naɗe su cikin jakarsu. Bayan wata takwas jan ya ɗan koɗe a gefen baya, amma ba inda ɗinki ya saki. Kwarkwaron yana garejin cikin gwangwanin fenti, da majuyinsa da igiyarsa, in akwai mai jirgin da ya kai mita biyar.