Hoton sikanin na ido a wani asibiti a Kaduna: abin da na gani da muka kai Hajiya

Mahaifiyata, wadda ta haura shekara 60 kuma aka yi mata aikin yanar ido a baya, ta wayi gari tana ganin walƙiya a gefen idonta na hagu, sannan wasu baƙaƙen ɗigo-ɗigo kamar ƙudaje suka riƙa yawo a gabanta. Kafin azahar ganin idon ya dushe kamar an turnuƙe shi da hayaƙi. Daga Tudun Wada muka garzaya wani asibitin ido mai zaman kansa da ke cikin gari, kuma hidimar hoton sikanin da aka yi mata a can ce nake son yin bayani a kanta.

Likitan ya fara ɗiga mata maganin da ke buɗe ƙwayar ido, ya haska da fitilarsa, amma bai iya hango bayan idon ba, domin jini ya gauraya da ruwan nan mai kauri kamar farin ƙwai da ya cika cikin ido. Ya bayyana mana cewa idan shekaru suka ja, wannan ruwa yakan tsinke ya janye daga tantanin da ke can baya, wanda ake kira retina, kuma wajen janyewar yana iya fizgar tantanin ya yage, har jijiyar jini ta fashe. Masu fama da rashin hangen nesa da waɗanda aka yi wa aikin yana sun fi shiga wannan haɗari.

A nan ne na'urar ta yi amfani. Yawancinmu mun san sikanin ne a wajen awon ciki, kuma hikimar ɗaya ce: sauti mai ƙarfin kaɗawa da kunne ba ya ji yana ratsa jini da yanar ido, ya dawo, na'ura ta mayar da shi hoto. Na ido yakan kai kimanin megahaz 10 (megahaz ma'aunin saurin kaɗawar sauti ne), ya fi na awon ciki kaɗawa, shi ya sa yake fito da ƙananan abubuwa. An shafa wani man ruwa-ruwa a kan fatar idon a rufe, likita ya ɗora kan na'urar a hankali yana cewa, "Hajiya, ki dubi sama, yanzu ki dubi dama." Motsa idon na da muhimmanci, domin ruwan da ya janye yana lilo sosai, shi kuwa tantanin da ya ɓamɓare yakan fito da kauri, yana manne da jijiyar gani. Ba allura, ba zafi, ba haske mai cutarwa irin na hoton ƙashi, kuma duka bai wuce 'yan mintoci ba.

Abin da ya fi burge ni shi ne likitan bai kambama na'urarsa ba. Ya nuna mana cewa tantanin bai ɓamɓare ba, wanda shi ne babban abin tsoro, amma ya ce ƙaramar yagewa, musamman wadda ke can gefe, tana iya ɓuya wa sikanin, saboda haka sai an sake dubawa da ido idan jinin ya lafa. Ya umarci Hajiya ta riƙa kwanciya da kai a ɗage, kuma mu dawo nan take idan ta ga kamar labule yana rufo ganinta.

Wajen tsari kam akwai gyara. Mun shafe kusan awa uku a layi, ba wanda ya tambayi ko namu na gaggawa ne, alhali irin wannan ciwo ba ya son jinkiri. Ba a faɗa mana kuɗin hoton daban yake da na ganin likita ba sai da muka isa wurin biya, kuma takardar hoton da aka ba mu ta fito dishi-dishi.

Da muka koma bayan kwana huɗu jinin ya ɗan sauka, likita ya hango yagewar a saman tantanin, irin wadda ya ce tana iya ɓuya wa sikanin. Da yake ba su da na'urar leza da ake ɗaure gefen yagewar da ita, sai ya rubuta mana takarda zuwa Cibiyar Kula da Lafiyar Ido ta Ƙasa da ke hanyar Mando, ya kuma ja kunnenmu cewa washegari da sassafe za mu tafi.