particles.js ko tsParticles: wanne za ka ɗora a shafinka?

Ɗan'uwa, ka ce kana gina wa wani kamfani shafin intanet, kana son ɗige-ɗigen nan masu yawo a bango suna haɗuwa da siraran layuka, ka ga ana ambaton particles.js da tsParticles, laburare biyu na JavaScript (wato shiryayyun manhajojin da ake ɗorawa a shafi) masu yin wannan aikin, ka rasa wanda za ka ɗauka. Bambancinsu ya fi fitowa a wayar wanda zai buɗe shafin, don haka a can zan fi tsayawa.

particles.js shi ne babba a shekaru. Bafaranshe Vincent Garreau ya fitar da shi a 2014. Fayil ɗaya ne ɗan ƙarami, wajen kilobait 23 idan an matse shi, kuma bai dogara da wani laburare ba. Ka buɗe div (akwatin da ke riƙe wani sashe na shafi) mai id, wato sunan da za a gane shi da shi, ka kira particlesJS.load, ka nuna masa fayil ɗin JSON mai ɗauke da launi da adadi da sauri, shi ke nan. Idan shafinka HTML ne zalla, cikin 'yan mintuna za ka ga ɗige-ɗige suna shawagi. Sai dai tun sigar 2.0.0 ta 2015 ba a sake fitar da wata ba, kuma hakan yana nunawa. A cikinsa akwai wani tsohon umarni, arguments.callee, wanda tsattsauran tsarin JavaScript ya hana, shi ya sa idan ka shigo da shi ta import a aikin React ko Vite (kayan gina shafi na zamani) yakan tsaya da kuskure tun kafin ya zana komai.

Akwai wata matsalar da ta fi wannan ɓuya. Duk lokacin da burauza ta sabunta allo, particles.js yana matsar da kowane ɗigo taki ɗaya, bai damu da tsawon lokacin da ya wuce ba. Allon da ke sabuntawa sau 60 a daƙiƙa zai nuna motsi a natse; mai sau 120 zai nuna shi da ninkin saurin. Kai ka saita a kwamfutarka ka ga ya yi kyau, mai kamfanin ya buɗe a sabuwar wayarsa ya ga ɗige-ɗige suna gudu.

tsParticles kuwa Matteo Bruni, ɗan Italiya, ya faro shi a 2020, inda ya sake rubuta tsohon da TypeScript, yaren da aka gina a kan JavaScript, sannan ya yi ta ƙari. Dukansu lasisin MIT ne, kyauta, ko a aikin kuɗi. tsParticles yana lissafa motsi da lokaci, yana da fpsLimit na ƙayyade yawan zane a daƙiƙa, yana da pauseOnBlur da pauseOnOutsideViewport masu dakatar da motsi idan mutum ya koma wani shafin ko ya gangara ƙasa. Akwai kuma ƙarin da ke mutunta zaɓin wanda ya saita na'urarsa a rage masa motsi. Wannan ina ɗaukarsa da muhimmanci, domin akwai mutanen da motsin bango yake sa su jiri, kuma su ma masu ziyara ne.

Yanzu layukan. Su ne kyan abin, su ne kuma nauyinsa. particles.js yana gwada kowane ɗigo da kowane ɗigo don ya ga ko sun kusanci juna. Ɗigo 100 na nufin gwaji 4,950 a kowane zane. Ka kai su 300, gwajin ya zama 44,850, kuma sau 60 a daƙiƙa. Adadi ya ninka uku, aiki ya ninka tara. tsParticles yana raba allo gida-gida, ɗigo ya nemi maƙwabtansa na kusa kawai, don haka ya fi jure yawa. Idan masu shiga shafin da ƙananan wayoyin Itel ko Tecno za su zo, a nan za a ga waya ta yi zafi, batir ya zube, gangarawa ta riƙa sarƙewa. Mai ziyara ba zai san laburare ne ya jawo ba, zai dai rufe shafin.

Inda tsParticles yake da wahala shi ne girka shi. An rarraba shi kashi-kashi: akwai @tsparticles/engine, injin da komai ke zaune a kansa, sai ka zaɓi kunshin basic (ƙarami) ko slim (matsakaici) ko all (duka). Kada ka ɗauki all don gudun tunani, zai jido maka siffofi da wasan wuta da abubuwan da ba ka buƙata, datar mutane ce za ta biya. Ga ɗige-ɗige da layuka da gujewa linzami, slim ya wadatar. Sunayen kunshin ma sun sauya tsakanin siga ta 1 da ta 2 da ta 3, don haka darasin bidiyo da ke cewa ka girka react-tsparticles ya tsufa. A siga ta 3, @tsparticles/react ake amfani da shi. Wasu sunayen saiti sun canja, line_linked ya zama links, retina_detect ya zama detectRetina. Sannan ka kula da fullScreen: a kunne yake zuwa, idan ba ka kashe shi ba zai mamaye allon duka maimakon ya tsaya a div ɗinka.

Tunda aikin na kamfani ne, kuma wataƙila wani zai gaje shi bayanka, ni tsParticles slim zan ɗora. particles.js zan bar wa shafi guda na HTML wanda ba za a sake taɓawa ba. Ko wanne ka zaɓa, ka fara da ɗigo 40 zuwa 60, ka sa fpsLimit a 60 ko ƙasa idan tsParticles ne, ka rage adadin ko ka kashe layuka a ƙaramin allo, sannan ka ari waya mafi arha a gidanku ka gwada a kanta kafin ka miƙa aikin.